Yadda ake lissafin tafiya biɗa kafin a ɗaure jaka

Hatsi nake sayarwa a kasuwar Dole, nan Damagaram, tun 2014. Kafin haka na yi shekara huɗu a Sabha ina aikin gini, daga 2007 har yaƙin 2011 ya koro mu, sannan na ci rani biyu a Kano ina tura kurar ruwa. Yanzu akwai mutum sama da ashirin daga ƙauyukan Mirya da Matamaye waɗanda ke waje, kuma ta hannuna saƙonsu ke biyowa. Su aiko, in auna wa iyalinsu gero, in rubuta a kaye. Na san tafiyar nan ta wajen mai tafiya, na kuma san ta ta wajen waɗanda aka bari a gida.

Da kakar da ta wuce, ana gama kai dami rumbu, ɗan ƙanwata ya iske ni a rumfa, ya miƙo mini salularsa. Hoton abokinsa ne, jingine da wata farar mota, takalmi sabo fil.

"Kawu, ka gani? Wata shida ke nan da tafiyarsa Libiya. Ya ce abin da yake samu ya kai jika 150 a wata."

Ban ce masa kada ya tafi ba. Abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Gonar gidansu dami 40 ta ba da, bakin ci kuwa goma sha ɗaya ne. Sai na ce: "Zauna, ɗana, mu yi lissafi." Lissafin da muka yi ranar shi zan shimfiɗa a nan, don duk mai niyyar tafiya ya yi irinsa da nasa adadin. A wajenmu jika ita ce sefa 1,000, dala kuma sefa 5.

Da farko kada ka yarda a faɗa maka albashi da kuɗin can ka tsaya a nan. Dinari da naira da riyal duk suna da daɗi a kunne. Ka mai da shi sefa, sefar kuma ka mai da ita tiyar gero, don gero ne matarka za ta zuba a turmi. Sefarmu a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta rawa kamar kuɗin maƙwabta. Lokacin da nake ga-ruwa a Kano, in na tara naira 1,000 ɗan canji zai ba ni jika uku. Bayan da gwamnatin Najeriya ta saki naira a watan Yunin 2023, aka shiga 2024 naira 1,000 ba ta kai dala ɗari ba. Jarka ita ce dai jarkar, nauyin kura bai ragu ba, amma abin da ke isa Magarya ya zube. Na ga dattawan da suka shekara ashirin suna cin rani a Kano da Legas sun dawo suna juya hannu, ba don sun yi lalaci ba.

Libiya da Aljeriya kuwa kuɗinsu farashi biyu gare shi, na banki da na kasuwa. Kai da ba ka da takardar da za ta shigar da kai banki, na kasuwa ne naka. Saboda haka ka tambayi wanda ke can: ranar da ya aika na ƙarshe, dinari nawa ya miƙa, jika nawa aka karɓa a gida? Amsar nan ita ce albashinsa na gaskiya. Wanda ke aiki a Abijan ko Lome ko Kwatano ya huta da wannan, don sefa ɗaya muke kashewa da su. Ta Chadi da Kamaru dabam ce. A takarda darajarsu ɗaya da tamu, amma ɗan canji sai ya cire nasa.

Daga nan sai ƙidayar ranakun aiki, kuma a nan samari suka fi ruɗuwa. Mai cewa yana samun kaza a wata, watan da ya fi kyau yake faɗa maka. A Sabha, da asuba muke fita bakin wani shataletale, sanyin hunturu na tsaga leɓe. Kowa ya ajiye kayan aikinsa a gabansa don a san sana'arsa: wannan guduma, wancan cokalin gini, wani burushin fenti. Mota ta tsaya, mutum ashirin su ruga, a ɗauki uku. Sauran su koma su tsuguna. In rana ta take ba a ɗauke ka ba, ka tashi ka koma ɗaki, kuma ranar ma sai ka ci abinci. Ga Juma'a, ga watan azumi da gini ke lafawa, ga zazzaɓi, ga satin da ake kame ba mai leƙowa waje. Ga kuma wanda za ka yi wa aikin wata guda ya ce ka dawo gobe, goben da ba ta zuwa, kai kuma ba ka da inda za ka kai ƙara. Ni dai a lissafina wata takwas nake ba mutum a cikin goma sha biyu, in ba shi da tsayayyen ubangida.

Ga yadda na ɗan ƙanwata ya fita. Jika 150 sau takwas, jika 1,200. Ci da ɗaki da katin salula muka yanka jika 50 a wata, su kuma wata goma sha biyu cur ake biyansu, jika 600. Saura 600. Kuɗin hanya zuwa da dawowa, da abin da ake bari a shingaye, muka sa 250 bisa abin da abokin nasa ya kashe. Saura 350. Ladan aike da ragin canji 50. Ƴan barema da za su yi noman da hannunsa zai yi 60. Abin da ya rage jika 240 a shekara, wato jika 20 a wata. Ya daɗe yana kallon kayen bai ce uffan ba. Mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta yanka a ƙasar nan jika 42 ne, ko da yake samun aikin shi ne wuyar.

Lissafin bai ce tafiya ba ta da riba ba. Abin da ya nuna shi ne shekarar farko hanya ake biya, riba sai a ta biyu da ta uku. Wanda aka kamo a wata na biyar, da asara ya dawo, ko da albashinsa ya kai yadda aka faɗa. Wannan shi ya sa inda kuɗin hanya ya fito ya fi komai muhimmanci.

Ka sayar da rago, ka sayar da wake, ka ɗauki kwasar adashe, ka yi aikin bulo wata uku ka tara. Amma kada ka jinginar da gona, kada ka sayar da san noma. Gonar da aka jinginar don tafiya da wuya take dawowa, saboda mai ita yana can yana fama, wanda ya karɓa yana nan yana nomawa, shekaru suna tafiya, shaidu suna mutuwa. Abin da ya fi wannan muni shi ne tafiya bashi, wato a ce hau mota, ka biya in ka isa. Mutanenmu da ke kudancin Libiya sun san abin da ake kira gidan bashi. Direba ya miƙa ka ga wani, a kulle ka, a buga wa gidanku waya ana dukanka suna ji, kuɗin da aka ce jika 100 ne ya koma ninki. Na taɓa auna wa wata tsohuwa gero kyauta wata biyu, don awakinta bakwai da gadon ƙarfenta duk sun tafi wajen fansar ɗanta. In ba ka da kuɗin hanya a hannu cikakke, har da na guzuri da na ko-ta-kwana, lokacin tafiyarka bai yi ba.

Daga Damagaram zuwa Agadas ta Tanut kusan kilomita 450 ne, kuma nan ne sauƙin yake ƙarewa. Daga can hanya ta rabu biyu: ta Dirku da Madama zuwa Gatrun da Sabha, ko ta Arlit da Assamaka zuwa Tamanrasat. Dokar nan mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, da aka fara tsanantawa a 2016, ta sa kuɗin mota ya hau, direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyi don gudun jami'ai. An soke ta a watan Nuwamban 2023, motoci suka koma fita a fili. Sai dai dokar Nijar aka soke, ta ƙasashen da za ka shiga tana nan. Ka bi ayarin da ke fita tare da rakiyar soja, kada ka yarda da mota guda da za ta yanke daji ita kaɗai don an rage maka jika 10. Ka naɗe jarkarka da buhun algarara ka jiƙa shi, ka riƙe garin rogo da dabino da rawani, ka rubuta lambar gidanku a takarda ka sa a aljihu, ba a salula kaɗai ba.

Aljeriya tana da aiki, musamman gini da lambu, amma ka sa kora a cikin lissafi tun daga gida. Tun watan Disamban 2014 ake dawo da ƴan Nijar ayari-ayari, wasu baƙin kuma a sauke su a wurin da ake kira Fuwan Zero, su taka kusan kilomita 15 a rairayi kafin su isa Assamaka. Wanda aka kama a wurin aiki ba a ba shi damar komawa ɗaki ya ɗauko ajiyarsa. Darasin da ke nan na biya kuɗinsa da kaina. A Sabha na riƙa aikowa kaɗan ina ɓoye mafi yawa, don ina so in shigo gari da shi a hannu a gani. Da yaƙi ya tashi na ɗinke shi a ƙugun wando. A wani shinge kafin Gatrun masu bindiga suka jera mu a rana, ɗaya ya bi mu da wuƙa yana farke ɗinki. Gumin shekara uku ya tafi kafin a sha shayi. Na iso Dirku bisa babbar mota da bargo ɗaya. Kuɗin da ke jikinka a ƙasar da ba ka da takarda ba naka ba ne tukuna. In ya kai jika 20, aika shi.

Akwai kuma abin da ka bari a baya, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba. Kakanninmu da suka raɗa wa abin suna cin rani sun san abin da suke yi. Ka tashi bayan girbi, ka dawo kafin ruwan shuka, gona ba ta yi rashinka ba, rumbu kuma ya huta da bakinka. Namiji mai ƙarfi yakan ci tiya guda a kwana huɗu. Wata shida ke nan tiya 45, ya fi buhu. Ko da ka dawo da kuɗin mota kaɗai da turmin atamfa, buhun nan ya zauna wa yara. Kano kusan kilomita 240 ce daga nan, in an yi rashin lafiya a gida da safe, da yamma kana tsakar gida. Tafiya mai nisa ta shekara biyu ko uku wani ciniki ne dabam. Sai ka san wa zai yi noma, wa zai kai yaro likita da dare, wa zai ɗebo ruwa, don duk wanda ya zauna Damagaram da bazara ya san ruwa ma kuɗi ne. Ka zauna da matarka da mahaifinka ku yanka waɗannan da baki kafin ka tashi.

Takardu ba su da tsada in aka gwada da abin da rashinsu ke ci. Katin ɗan ƙasa, katin rigakafin shawara, da fasfo in hali ya yi. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025, ranar da aka fito da fasfon AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, kuma CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun mutanenmu har sai ta sanar da wani abu. Iyakoki ma suna rufuwa ba sallama: Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan Yulin 2023. Kafin ka sayi tikiti ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a satin. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka bar wa wani a gida.

Ƴan'uwana mata, da ku ma nake. Duk mutumin jihar nan yana tuna watan Oktoban 2013, da aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, galibinsu daga yankin Kance. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Yunwa ce ta fitar da su, ba wanda zai zarge su. Amma ina roƙo, duk lissafin da za a yi, kada a sa yaro a cikinsa. Yaron da aka cire daga lakol aka kai shi bara Tamanrasat ko Aljas, abin da aka ci a kansa ba zai biya shekarun da ya rasa ba. Mai niyyar aikatau a Saudiyya kuma ta sani bizar umra ba takardar aiki ba ce. A tsarin kafala, zamanki a ɗaure yake da sunan kafili, wato ubangidan da ya ɗauke ki aiki, kuma sassaucin da aka yi a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. In kin bar gidan ba izini ya kai rahoton kin gudu, kin zama abin kamu. Kafin ki ba ɗan kamasho ko dala, a karanta miki yarjejeniyar da Hausa a gaban wani naki: albashi nawa, ranar hutu, wa zai biya jirgin dawowa, a hannun wa fasfo zai zauna. Wanda ya ƙi a karanta, ki bar masa tafiyarsa.

Yanzu aike, wanda shi ne aikina na kullum. Cikin ƙasa da ƙasashen sefa akwai kamfanoni irin Nita da Al Izza da Amana, ka biya a ba ka lamba, a karɓa a Dole ko Zango cikin minti kaɗan. Daga Libiya da Aljeriya yawanci ta hannun ƴan kasuwa ake bi, ka ba wani dinari can, ɗan'uwansa ya ba naka sefa nan. Ka fara gwada mutum da kaɗan, ka bi wanda mutanen garinku suka daɗe da shi, ka tambayi farashi wuri biyu. Bankin Duniya ya nuna aika kuɗi zuwa ƙasashenmu na kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada, kusan kashi 8 cikin 100, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne ya sauka ƙasa da kashi 3 kafin 2030. A jika 100, bambancin jika biyar ne, tiya goma ke nan da kaka.

Amma abin da kayena ya koya mini ya wuce ladan aike. Lokacin aikowa shi ne riba. Tiyar da nake saye dala ɗari da kaka, na sha ganin ta kai jika da damina a shekarar da ta yi wuya. Mafi yawan mutanenmu sai an buga waya an ce rumbu ya ƙare suke aikowa, wato Yuli ko Agusta, daidai lokacin da gero ya fi tsada, iyali kuma sun riga sun ci bashi. Wanda ya aiko jika 15 kowane wata daga Oktoba zuwa Janairu aka saya aka ajiye, ya fi wanda ya aiko jika 100 a dunƙule da tsakiyar damina. Shekara da shekaru ina ganin haka a shafi ɗaya. Don haka in ka tafi da kaka, kuɗin farko da ya shigo hannunka na gero ne, kafin salula, kafin takalmi.

Ka raba saƙonka gida biyu tun daga can, na ci da na jari, kuma kada su bi hannu ɗaya. Na ci ya tafi kai tsaye ga wadda ke riƙe da tukunya. Na ga matan da mazansu ke aikowa ta hannun wa ko ƙane, su kuma suna jin kunyar tambaya, yara suna kwana da kunu. Na jari ka ba amintacce a gaban shaida, a rubuta, a sayi tunkiya ko buhun wake ko fili, abin da za ka dawo ka taɓa da hannu. Biki da suna da gaisuwar mutuwa ba za su ƙare ba, kuma duk wanda ya ji kana waje zai ɗauka shara kake yi da kuɗi. Ka yanka musu nasu kason, in ya ƙare ka ce ya ƙare, da ladabi.

Kafin ka fita ƙofa ka faɗi abin da ka tafi nema da ranar dawowa: keken ɗinki, ko kabu-kabu, ko kuɗin aure, damina biyu. Wanda ya tafi ba adadi ba ya sanin ya samu. Ka kuma tafi da sana'a a hannu ko ka dawo da ita. A shataletalen nan na Sabha, mai ɗora tayil da mai walda ba sa daɗewa a tsugune, kuma abin da ake ba su ya ninka na mai ɗaukar siminti. Masu bindiga sun farke mini wando, amma ginin da na koya da shi na tayar da ɗakin mahaifiyata da hannuna. Iyaye kuma, ku faɗa wa ɗanku da bakinku cewa in abin bai yi ba ya dawo, ba abin kunya ba ne. Na san mutane a Sabha da suka shekara goma ba don suna samu ba, sai don ba su iya haɗa ido da ƴan garinsu hannu wofi.

Ɗan ƙanwata bai fasa tafiya ba, amma ya sauya ta. Ya ce Libiya sai ya iya tayil, ya kuma tara kuɗin hanya nasa na kansa. Ya bi wani maƙwabcinsu Abijan, inda yake taya shi tsaron shago da rana, da yamma yana bin wani mai ɗora tayil. Ranar da zai tashi ya zo sallama, na ce: "Ɗana, na farko na gero ne." Ya ce: "Na riƙe, Kawu." A ƙarshen Disamba saƙonsa ya shigo, jika 45. Na saya masa buhu biyu, na rubuta sunan mahaifiyarsa a jiki da gawayi, na ɗora su bisa katako a lungun rumfa don kada sanyin ƙasa ya taɓa su. Mun yi da ita ba za a kwance bakin na farko ba sai an yi shuka.